RA'AYI: A auna haɗin gwiwar masu binciken cutar daji kafin a yi alfahari da shi

Babu taron lafiya da za a yi a Abuja a tashi ba a ambaci "haɗin gwiwa" ba. Ana rattaba hannu kan yarjejeniya, a yi musabaha, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: bayan shekara ɗaya, wa ya yi aiki da wa, kuma mene ne ya kai ga majinyaci? A sha'anin cutar daji, rashin amsar wannan tambaya rayuka yake ci.

Ƙiyasin Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin mutum 127,000 ne ke kamuwa da cutar a Najeriya a shekara, kusan 80,000 kuma ke rasuwa. Sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara ne kan gaba. Sai dai wannan adadi ƙiyasi ne da aka gina kan rajistar wasu garuruwa ƙalilan. Rajistar Ibadan ta faro tun 1960, yayin da yankuna da dama har yau ba a ƙirga masu cutar a cikinsu yadda ya kamata. Wanda ba a ƙirga ba kuwa, ba a yin kasafi da shi. Daga nan rashin daidaito yake farawa, kafin a kai ga batun na'urar gashi ko tsadar magani.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki matakan da suka cancanci yabo. Cibiyar Bincike da Magance Cutar Daji ta Ƙasa, wato NICRAT, wadda dokar 2017 ta kafa, ta kama aiki a 2023. Akwai tsarin yaƙi da cutar na 2023 zuwa 2027, akwai asusun tallafa wa marasa galihu, an kuma fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a watan Oktoban 2023. Duk waɗannan sun dogara ne kan bincike, bincike kuma ya dogara ne kan mutanen da ke aiki tare.

Auna wannan aiki tare ba sabon ilimi ba ne. Masana na tattara takardun binciken da aka wallafa da ayyukan da aka ba wa kuɗi, su ɗauki kowane mai bincike ko asibiti a matsayin ɗigo, su ja layi tsakanin duk biyun da suka yi aiki ɗaya. Abin da ke fitowa taswira ce mai kama da saƙar gizo-gizo. Tana nuna wanda kowa ke bi ta kansa, da wanda aka bari a gefe, da mutum ɗaya tilo da ke haɗa ɓangarori biyu, wanda in ya yi ritaya ko ya tafi ƙasar waje zaren ya tsinke. A ƙasar da likitoci ke ficewa kullum, sanin irin waɗannan mutane ba ƙaramin abu ba ne.

A Amurka, Cibiyar Cutar Daji ta Ƙasar ta shafe fiye da shekara ashirin tana haɗa manyan cibiyoyin magani da makarantun da ke hidima wa baƙaƙen fata da sauran tsiraru. Ƙawancen Kwalejin Meharry da Jami'ar Vanderbilt da Jami'ar Jihar Tennessee a birnin Nashville misali ne. Manufar ita ce ƙaramar makaranta ta girma har ta jagoranci nata binciken, kuma da wannan ma'auni ake duba ko ƙawance ya yi amfani.

Tambayar da ke gaban Najeriya ke nan. Idan likita a Maiduguri ko Sakkwato ko Yenagoa ya tattara samfuri da bayanan majinyata, aka tura Ibadan ko Legas ko Landan, sunansa a ina yake fitowa? Shi ya tsara tambayar binciken, ko dako kawai ya yi? Asibitocin koyarwa na ƙasar nan suna aiki da junansu, ko kowanne ya fi kusa da abokinsa na Turai fiye da maƙwabcinsa? Taswira za ta amsa da hujja, a daina dogaro da zato da ƙorafin shiyya.

Akwai hattara. Ƙirga takardu kaɗai na iya yaudara, domin inda aka ɗora lada kan yawan sunaye, sai a riƙa cusa sunan wanda bai tsinana komai ba. Saboda haka dole ma'aunin ya haɗa da wanda ya jagoranci aiki, da wanda ya riƙe kuɗi, da adadin matasan da aka horar, da ko sakamakon ya koma asibitin da aka ɗauko bayanan.

Wannan jarida na kira ga NICRAT da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su fitar da irin wannan taswira duk shekara, shiyya-shiyya, a ajiye ta inda kowa zai gani. Asusun TETFund, wanda ke ba da kuɗin bincike ga manyan makarantu, ya sanya sharaɗin cewa duk babban aikin cutar daji ya haɗa da cibiyar da taswirar ta nuna an bari a baya, tare da ba ta jagorancin wani sashe da kasonta na kuɗi. Kwamitocin lafiya na Majalisar Tarayya su nemi ganin taswirar a lokacin kare kasafi.

Nauyin bai tsaya kan ministoci ba. Daraktoci da mataimaka na musamman da ke rubuta takardun shawara su ne ke zaɓar alƙaluman da shugabanni ke gani. Ya kamata duk yarjejeniyar da ta biyo ta teburinsu ta zo da bayanin yadda za a auna ta. Aikin bai buƙatar gini ko na'ura mai tsada. 'Yan ma'aikata ƙwararru da kwamfuta sun isa. Bai kamata a rubuta tsari na gaba ba tare da an san wanda aka bari a wajen da'ira ba.