Kukan Da Mu Ke Ji Ta Kan Katanga

Jama'a, akwai wata magana wadda kowa ya sani, amma ba mai so ya ɗauko ta a zaure. Ita ce maganar dukan mata a ɗakunan aurensu. Babu unguwar da ba a san gidan da ake jin kuka da tsakar dare ba. Maƙwabta su ji, su juya su ja mayafi, gari ya waye a gaisa da maigidan a bakin masallaci kamar ba a yi kome ba. In an tambaya sai a ce, ai tsakanin miji da mata sai Allah. To, mu dai mun ce wannan shiru ya isa haka nan.

Kada wani ya ce muna zuga abin ne. Binciken lafiyar jama'a da Gwamnatin Nijeriya ta yi da kanta a 2018 ya nuna cewa cikin kowane mata 100 da suka taɓa aure, 36 sun sha duka, ko tilas, ko cin mutunci daga hannun mazansu. Cikin waɗanda aka ci zalinsu kuwa, fiye da rabi ba su taɓa neman taimako ba. Dalili a fili ya ke. Mace ta yi yaji ta tafi gida da kumburarren ido, uba ya ce ta koma kada ta ja masa abin kunya, uwa ta ce ki yi haƙuri, haka mu ma muka zauna. Miji ya aiko biko, a mai da ita, bayan wata guda a koma gidan jiya. Lalle harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma saɓani daban, karya hannu daban.

Mu duba abin da doka ta ce. Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, jihohinmu kuma suka gaje ta, ta faɗa a sashe na 55 cewa ba laifi ba ne miji ya hori matarsa in al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan rauni kuwa a wurin wannan doka shi ne irin su tsiyaye ido, ko karaya, ko fitar haƙori, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Watau wadda ta yi jinyar kwana 19 ba ta da ta cewa ke nan. Haba jama'a! Wannan ai lasin ne aka ba azzalumi.

A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Ta yanke wa mai dukan matarsa ɗauri har shekara 3, ko tara har Naira 200,000, ko duka biyu. Ta hana korar mace daga gida da ƙarfi, ta kuma ba kotu ikon ta tsare mai duka daga kusantar wadda ya ke duka. Sai dai ikonta ya tsaya a Abuja, sai kowace jiha ta karɓe ta da kanta. Kaduna ta karɓa a 2018, kafin ƙarshen 2022 kuwa jihohi fiye da 30 sun bi. Madalla. Amma muna tambayar Gwamnoni: mace nawa a ƙauye ta taɓa jin sunan wannan doka? Wane tanadi aka yi mata na kuɗin mota, da na asibiti, da wurin kwana ranar da ta gudo da goyo? Dokar da aka sa wa hannu aka kulle a akwatin ofis ba ta tare wa kowa sanda ba.

Masu fakewa da addini kuma su ji tsoron Allah. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan matarsa ba. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, matar da ta tabbatar da cuta tana da ikon alƙali ya raba auren. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ma ya tsaya a kan wannan a 2017, sa'ad da ya nemi a kafa dokar iyali da za ta hana dukan mata.

Ga abin da mu ke nema. Na ɗaya, duk jihar da sashe na 55 ya ke cikin littafinta har yanzu, majalisarta ta soke shi. Na biyu, a fassara dokar VAPP da Hausa, da boko da ajami, a riƙa karanta ta a rediyo. Na uku, kowace jiha ta ware kuɗi ta gina gidan mafaka, a kuma duba wadda aka ji wa ciwo kyauta, likita ya rubuta mata takardar shaida. Na huɗu, ɗan sandan da aka kai wa ƙara ya rubuta ta, ya bar cewa ku je ku shirya a gida.

Sauran aikin namu ne, mu talakawa. Maƙwabci, in ka ji kuka ka buga ƙofa, ko ka taso mai unguwa. Uba, in 'yarka ta zo da rauni ka fara kai ta asibiti, sa'an nan ka saurare ta, kada ka mai da ita sai an zauna gaban shaidu. Liman, ka sa maganar cikin huɗuba. Ke kuma 'yar'uwa da abin ya same ki, kunyar tana kan wanda ya ɗaga hannu. Ki faɗa wa wanda ki ka amince da shi, ki adana takardar asibiti, ki sani ƙungiyoyi irin su FIDA ta lauyoyi mata suna tsaya wa marasa ƙarfi a kotu.

Yaron da ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa, shi ne mijin 'yar wani gobe, wataƙila ma taka. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.