Jama'ar Agege, Mu Kafa Allon Buri Kafin Sabuwar Shekara Ta Kama

 Shekara ta zo gangara. Kowa ya zauna ya tambayi kansa: me ya kawo ni Legas? Nawa na samu bana, kuma ina suka shiga? Muna fita tun asuba, mu dawo bayan isha'i. Kuɗi na shiga hannu kullum, kullum kuma suna fita. Ƙoƙari kam muna da shi. Abin da ya rage shi ne kowa ya rubuta burinsa, ya kafa shi inda ido zai riƙa gani.

Kakanninmu da suka sauka a Zangon Agege ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Goro ya kawo su, da fataucin shanu. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai hanya ta ƙara buɗewa. Kowane falke ya san huhun goro nawa zai ɗaure, ya san ranar da zai kama hanyar Arewa. Da wannan lissafin suka gina gidaje da masallatai, suka bar mana unguwa.

Yau gari na sauyawa a gabanmu. An buɗe gadar Pen Cinema a 2021. A 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi da dama na Legas, dubban matasanmu suka wayi gari ba sana'a. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, komai ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 jirgin ƙasa na Red Line ya fara ɗaukar fasinja, yana tsayawa a Agege. Legas ba ta jiran kowa. Tun ran gini, tun ran zane!

To, mu tashi mu yi allon buri. Ba ya cin kuɗi. Nemi kwali mai faɗi a shagon maƙwabcinka. Nemi biro da gam da almakashi. A saman kwalin rubuta Bismillah da shekarar da za mu shiga. A ƙasa rubuta buri uku, kar su wuce biyar. Rubuta da boko, rubuta da ajami, ko ka sa ɗanka ya rubuta maka. Liƙa hoton abin da kake nema: keken ɗinki, injin markaɗe, firji, kwanon rufi, Ɗakin Ka'aba. Gaban kowane buri sa abu uku: nawa zai ci, wane wata za a gama, me za ka yi yau.

Kar ka rubuta "ina son arziki". Rubuta "zan ajiye naira 1,000 kullum". A shekara ta zama naira 365,000. Ko 500 ce, ta kai 182,500. Sannu ba ta hana zuwa.

Mahaucin Oko-Oba, rubuta! Ɗan gwarin da ke sammakon Mile 12, rubuta! Mai shayi, mai suya, mai gadi, ɗan ga-ruwa, ɗan dako, rubuta! Sa kuɗin hayar baɗi a allo tun yanzu, ka raba shi gida 12, kar mai gida ya buga ƙofa ka shiga neman rance. Ɗan cirani, rubuta buhun taki nawa za ka aika gida kafin damina.

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, ku ne gwanayen adashe. Kafin kwasarki ta zo, Hajiya, rubuta inda za ta shiga, kar ashoben biki ya cinye ta. Rubuta jari. Rubuta kuɗin makarantar yara. Mai niyyar sauke farali, tun 2020 Hukumar Alhazai ta ƙasa ta buɗe adashin gata tare da bankin Jaiz. Je ka tambaya, ka fara zubi.

Samari da 'yan mata, ku sa WAEC da JAMB a allo. Ku sa saukar Alƙur'ani. Ku sa sana'ar hannu: walda, gyaran waya, ɗinki, aikin sola. Ku rubuta sunan wanda za ku je koyo wurinsa, da ranar da za ku fara.

Kafa allon a bango kusa da shimfiɗarka, ko a cikin shago. Duba shi da safe. Duba shi da dare. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yi maki a kan abin da ka cika. Nemi amini ɗaya da zai riƙa tambayarka inda aka kwana. In ka yi tuntuɓe a wata ɗaya, tashi ka ci gaba. Yi addu'a, ka ce in Allah ya so, sannan ka ɗaura ɗamara.

Malamai, ku faɗa a wurin karatu. Shugabannin kasuwa, ku faɗa a taro. Magidanta, ku tara iyali a daren yau. 'Yan'uwa na Idi-Araba da Obalende, kiran nan har da ku. Kar wanda ya shiga sabuwar shekara bangonsa ba allo. Ɗauko kwali, ɗauko biro, rubuta yau! Allah ya cika mana burinmu na alheri, amin.