Katantanwar Ralph Ba Ta Tsare Kowa Ba

Jama'a, akwai wata magana da ta gundure ni. Duk sharhin da na ɗauka a kan littafin Lord of the Flies na William Golding, wanda ya fito a 1954, waƙa ɗaya ake rerawa: wai katantanwar teku da Ralph yake busawa alamar doka da oda ce, wuta alamar tsira ce, kuma da zarar babu babba a wuri yara za su zama namun daji. Ni dai ban yarda ba. Ina ma zargin wasu masu sharhin sharhin wasu suka karanta, littafin kuwa ko buɗe shi ba su yi ba.

Mu fara da katantanwar. An yi ƙa'ida cewa wanda ya riƙe ta shi ke da bakin magana. To sau nawa Piggy ya rungume ta yana magana ana yi masa ihu? Tun ranar farko Jack ya nuna masa cewa ikonta bai kai kan dutse ba. Akwai ma daren da taro ya watse, Piggy ya matsa wa Ralph ya busa ta, Ralph ya ƙi, don yana tsoron ya busa kowa ya yi kunnen uwar shegu. Wace irin doka ce mai ita ke tsoron gwada ta? Ranar da Roger ya gangaro da dutse, Piggy na riƙe da ita ya mutu, ita ma ta tarwatse.

Wutar ma haka. Ta farko da suka kunna da tabaran Piggy ta ƙwace ta cinye daji, yaron nan mai tabo a fuska ba a sake ganinsa ba. Wadda ta jawo jirgin ceto kuwa ita ce wadda mutanen Jack suka cinna don su fatattako Ralph su kashe shi.

Amma inda raina ya fi ɓaci shi ne batun manya. Yaƙin manya ne ya jefa yaran nan tsibirin. Dodon da ya hana su barci gawar wani soja ce da ta faɗo da laima ta maƙale a kan dutse. Hafsan da ya zo a ƙarshe cikin fararen kaya, yana mamakin yadda 'ya'yan Ingila suka lalace haka, jirgin yaƙi ne a bayansa. Golding ya yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya san abin da irin wannan jirgi ke fita yi. Wai wannan ne mai ceto!

Ga kuma abin da ya faru a zahiri. A 1965 wasu 'yan makaranta shida daga Tonga suka maƙale a tsibirin Ata kusan wata 15. Sun raba aiki, sun kula da wutarsu, ɗayansu ya karye a ƙafa suka ɗora shi ya warke, har Peter Warner ɗan Ostireliya ya tsince su a 1966. Na sani, su shida ne kawai, abokan juna, kuma sun girmi yaran Golding. Amma babu babba ko ɗaya tare da su, kuma duk shidan sun koma gida da ransu.