Jinyar firgita da motsin ido: a horar da namu kafin ƴan damfara su riga mu

Tun 2019 da mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina sunka fara kwararowa yankin Gidan Rumji da Madarunfa suna gudun ƴan bindiga, in ana maganar taimako abin da ake lissafawa shi ne hatsi, tabarmi, ruwa da rigakafi. Duk ana buƙatarsu. Amma akwai ciwon da ba ya shiga wannan lissafi. Matar da in ta ji ƙarar moto da dare sai jikinta ya ɗauki ɓari. Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan an kashe babansa a gabansa. Magidancin da anka biya kuɗin fansa ya dawo gida, amma ya daina barci, ya daina zuwa gona, abu kaɗan ya hau iyalinsa da faɗa. Mutanen Difa sun san wannan tun 2015, haka mutanen Tiliya a jihar Tawa bayan kisan watan Maris na 2021.

Mu a nan sai mu ce iska ce ta taɓa shi, ko mu ce ya cika tunani. Likitoci kuwa suna da suna ga abin: ciwon firgita da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Yawancin mutane suna warwarewa da kansu cikin ƴan makonni, da taimakon dangi da addu'a. Wasu kuwa wata ya wuce, shekara ta wuce, abin na dawo musu kamar yanzu yake faruwa. Don irin waɗannan ne nake son mu san wata jinya da ake kira EMDR.

Wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, Francine Shapiro, ita ta fito da ita. A 1987 tana yawo cikin wani lambu ta lura cewa in idanunta na kai da komo da sauri, tunanin da ke damunta sai ya rage nauyi. Ta gwada a kan mutane, ta buga sakamakon farko a 1989. Da yawa cikin masana sun yi mata dariya a lokacin, kuma ban ga laifinsu ba, don wanda duk ya ji labarin karon farko zai ce siddabaru ne. Sai dai an yi ta gwaji shekara da shekaru, har a 2013 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa EMDR cikin hanyoyin da ta yarda a yi ma manya da yara jinyar wannan ciwo da su.

Ga yadda ake yi. Matakai takwas ne, kuma motsin idon ba shi ne na farko ba. Mai jinya zai fara jin tarihin mutum, ya koya masa yadda zai kwantar da hankalinsa in abin ya taso masa. Sannan ya ce masa ya kawo hoton da ya fi muni cikin zuciyarsa, tare da maganar da yake faɗa ma kansa game da shi, misali "laifina ne" ko "ba ni da tsira", ya kuma lura ina yake jin abin a jikinsa: ƙirji, ciki ko maƙoshi. Ya auna zafin daga 0 zuwa 10. Daga nan mai jinya ya riƙa kai yatsunsa dama da hagu, mutum na bin su da ido, kamar rabin minti. A tsaya, a ja numfashi, a tambaye shi me ya zo masa. A sake. Haka har lambar ta sauka, sannan a ƙarfafa wata magana a madadin ta farko, kamar "ya wuce, na tsira". Zama ɗaya kan ɗauki awa guda zuwa awa da rabi, kuma sau da yawa zama shida zuwa goma sha biyu ake yi. Ba a goge abin daga ƙwaƙwalwa. Mutum na tuna komai, sai dai tunawar ta daina kada shi.

Me ya sa yake aiki? Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne wanda masu bincike na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sunka yi ta gwadawa. Sun nuna cewa ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe aiki biyu masu nauyi lokaci guda. Ka gwada ƙirgar kuɗi ana yi maka hira, ɗayan sai ya raunana. In kana riƙe da mugun hoto kana kuma bin yatsa da ido, hoton na dusashewa, kuma a dusashen yake komawa ma'ajiya. Har yau akwai masanan da ke cewa fuskantar tunanin a gaban ƙwararre shi ne maganin, idon ƙari ne kawai. Wannan gardamar tasu ce. Ko su ɗin ba su musanta cewa mutane na samun sauƙi ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne wannan jinya ba ta tilasta ma mutum ya ba da labarin dalla-dalla. OMS da kanta ta ambaci haka cikin abin da ya bambanta ta da ɗaya hanyar, wadda ake zama ana warware labarin da baki har da aikin gida. Ku duba halinmu fa. Matar da anka yi ma fyaɗe a daji, wa za ta zauna ta faɗa ma abin da ya faru kalma bayan kalma? Ko mijinta ba ta faɗa ma ba. Kunya da tsoron bakin mutane sun rufe ta. A nan kuwa tana iya cewa "abin da ya faru daren nan" kawai, sauran ya tsaya cikin zuciyarta, aiki kuma ya tafi. Ba a buƙatar ta iya karatu. Ba wuta, ba na'ura, ba ƙwaya. Wanda idonsa ba ya gani ana iya yi masa da taɓa bayan hannu dama da hagu, ko da sauti.

Maganar ƙwaya kuwa, kun san abin da ake yi yanzu. Wanda ya kasa barci sai ya nufi mai tallar magani a tire, a ba shi diyazefam ko tramol. A wannan jagora ta 2013, OMS ta ce kada a ba wanda ya shiga tashin hankali magungunan dangin diyazefam don firgita ko rashin barci a watan farko. Mu kuwa da su muke farawa, daga baya a samu ciwo biyu.

To amma ga inda tsorona yake. Abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Duk mai yatsa biyu na iya kaɗa su gaban fuskar mutum ya karɓi jikka biyar. A intanet ma akwai bidiyoyi na ɗigo mai yawo a allo, wai ka yi ma kanka. Don Allah kada wanda ya ga kisa da idonsa ya gwada haka shi kaɗai a ɗaki. Buɗe irin wannan tunani ba tare da wanda ya san yadda ake rufe shi ba na iya barin mutum cikin halin da ya fi na da muni. Akwai kuma waɗanda sai likita ya duba su tukuna: mai farfaɗiya, mai tunanin kashe kansa, wanda ƙwaya ta riga ta kama. Wanda har yanzu yake kwana cikin daji don tsoron hari, shi tsaro da abinci yake nema kafin komai.

Ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijar kaɗan ne, kuma galibinsu suna Yamai da manyan birane. Ba za a ce ma bazawara daga ƙauyen bakin iyaka ta yi zuwa goma Yamai ba. Shi ya sa nake ganin ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyin ONG da ke aiki a Maradi, Tawa da Difa ya kamata su zaɓi masu ilimin halayyar ɗan Adam da ma'aikatan jinya da sunka riga sunka san aikin, a ba su horo cikakke, ba na kwana uku a otel ba, a sa wani babba ya riƙa bin aikinsu. A ajiye su a asibitocin gunduma, su riƙa zagaya CSI ranar kasuwa. Su zama masu jin Hausa, Barbarci, Fulatanci ko Tamajak, don wannan ba aikin da ake yi da tafinta a tsakani ba ne. Kuma rabinsu aƙalla su zama mata.