An ce Hausa ce harshen ƙasa, to ina take a cikin waya?

 Ranar zubin da ta wuce, bayan an kulle akwati, sakatariyarmu ta ciro waya don ta duba mana takardun da ake nema kafin hukuma ta amince da ƙungiya. Shafin ya buɗe, amma daga sama har ƙasa Faransanci ne. Mu 25 a kan tabarma, biyu kaɗai suka yi lakwal, su ma ba su yi nisa ba. Sai da muka aika aka kira ɗan maƙwabta mai zuwa lise, ya fassara iya abin da ya gane. Kafin ya kai ƙarshe mega ta ƙare, muka watse.

A watan Maris na 2025 ne sabon kundin tafiyar da ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Mun yi murna, wallahi. To amma mu aikin ne ke kai mu wurin hukuma, ba hira ba.

Ku dubi takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da haihuwar jariri. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta kotu, ga kuɗin mota, ga sintiri. Yaro kuwa in ba takarda, jarrabawa ma sai ta gagare shi. Uwa nawa ce ta san zancen kwana 60 ɗin nan? Yana nan a rubuce, sai dai ba da harshenta ba.

Kuma kada a ce an juya rubutu zuwa Hausa shi ke nan. Yawancinmu ba mu karanta boko ko da Hausar ce, wasu ajami suka iya tun makarantar allo. Amma wace ce ba ta iya danna saƙon murya a WhatsApp ba? Abin da muke so ke nan: wurin da za a taɓa, murya ta faɗi takardun da za a kawo, nawa za a biya, wane ofis za a je. A yi shi da Zabarmanci, Fillanci, Barbarci da Buzanci ma, don tare muke zubi da su.

Mu dai ranar da za mu kai takardunmu, da bakinmu za mu roƙi a yi mana bayanin da Hausa, mu naɗa a waya. Ƙungiyar da ke so ta gaya wa sakatariyarmu, a tura mata.