A Duba Ƙafar Mota Tun Kaka Ba Ta Kama Ba

Manomin Achika ya san noma ba ya ƙarewa a bakin gona. Ko dawa ta yi kyau, ko wake ya cika buhu, sai an kai shi kasuwar Wudil ran Jumma'a, ko kuwa a miƙa da shi Kano, tafiyar wajen kilomita 40, kana ya zama kuɗi. Abin da ke ɗaukar kayan nan kuwa tsofaffin motoci ne. Akwai sauran Fijo 504, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe ma'aikatar a 1975. Akwai kuma Golf 3 mai yawa, wadda aka ƙera a Jamus daga 1991 zuwa 1997. Watau ko autar Golf ɗin ta doshi shekara 30.

Mota mai irin wannan shekaru, inji aka fi yi wa hidima, ƙafa kuwa sai ta yi kuka kana a waiwaye ta. To, a cikin ƙafar nan akwai wani ƙarfe da makanikai ke ce wa lowa am. Shi ne hannun da ya riƙe tayar gaba ya haɗa ta da jikin mota. Ta wajen jiki yana da robobi, su ne bushin. Ta wajen taya yana da gaɓa mai juyawa, ita ce bol joyin. In bushin ya mutu sai a riƙa jin ƙwas-ƙwas a kan burji, sitiyari ya riƙa yawo, taya ta cinye ta gefe guda. Wannan hasara ce ta aljihu. Amma in bol joyin ya fita daga mazauninsa ana cikin tafiya, taya kan kwanta gaba ɗaya, mota ta tafi inda ta ga dama. A kan titin Kano zuwa Maiduguri, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana, wannan maganar rai ce.

Wanda ya tafi Ƙofar Ruwa neman lowa am zai tarar da iri uku. Akwai sabo na kamfanin kirki, mai tsada. Akwai sabo mai araha, yana ƙyalli cikin leda. Akwai kuma na Baljiyam, wanda aka kwance daga tsohuwar mota a Turai. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kowa hannunsa ya fi saurin kai wa mai arahar. Ba a ga laifin kowa ba, gama kuɗin taki ma bai bar manomi da komai ba. Amma fa arahar nan tana da haƙora. Ƙarfensa ya kan zama sirara, robarsa ba ta jimre zafi da rami, gaɓar kuwa ta kan saki tun damina ba ta zagayo ba. Sai a sake biyan bakanike, a sake sayen taya, ga kuma ranar kasuwa da aka rasa.

Mutane da yawa sun ɗauka na Baljiyam shi ne magani, wai ai na asali ne. Gaskiya ne, ƙarfensa na asali ne, ya kuwa fi na ledar nan nesa ba kusa ba. Sai dai a tuna roba tana tsufa ko ba a more ta ba. Bushin da ya shekara 25 a jikin wata mota, ya sha sanyin Turai da gishirin da su ke zubawa a titi saboda ƙanƙara, ba zai koma yaro ba don ya hau jirgin ruwa. Mai sayen na Baljiyam ƙarfe ya saya. Ya sa a ransa zai ƙara kuɗin sabuwar roba.

Saboda haka shawara ita ce, a fara duban wanda ke jikin motar tukuna. Sau da yawa ƙarfen lafiyarsa lau, robobi da gaɓa ne kaɗai su ka gaji. In bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, tsatsa kuma ba ta ci shi ba, babu dalilin yar da shi. A sayi bushin mai kyau a matsa a ciki, a sa sabon bol joyin. A Golf 3 abin ma da sauƙi, don kusoshi 3 ne su ka ɗaure gaɓar, ana kwance ta ita kaɗai. Kuɗin da za a ɓatar kan lowa am na banza ya fi amfani a nan. In kuwa ƙarfen ya lanƙwashe, to, ya gama aiki. Kada a yarda a gasa shi a wuta a miƙar, kada kuma a kai wa mai walda. Garma ce a ke yi wa haka, don ita in ta karye a kunya ta ke karyewa, ba a tsakiyar titi ba.

Akwai masu yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota, direbobi da dama kuma suna yabonsa, wai ya fi na kanti daɗewa. Ya kan fid da mutum kunya in ya maƙale a ƙauye. Amma ya cika tauri, dukan da ya kamata roba ta shanye sai ya wuce zuwa jikin mota, ita kuwa ga tsufa.

Mai zuwa kasuwa ya tafi da tsohon a hannunsa, ya aza shi kan wanda za a sayar masa, rami ya dace da rami. Suna ɗaya ba ya nufin ƙira ɗaya. Golf 3 mai noti 5 a taya, lowa am ɗinta dabam ya ke da na mai noti 4. Ya girgiza gaɓar da hannu. In tana lilo ba nauyi, ko robar da ta rufe ta ta yage, ya ajiye. Kada kwali ya ruɗe shi, gama ba abin da ya fi kwali sauƙin bugawa. Ya fi kyau ya sayi wurin mai shagon da ya yarda a mayar masa in bai yi ba. In hali ya samu a canja hagu da dama tare, tun da hanya ɗaya su ka bi, rami ɗaya su ka faɗa.

Saura aikin bakanike, a nan kuwa a ke yawan ɓata kaya mai kyau. Kusoshin bushin ba a ƙarasa ɗaure su mota tana rataye a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna kan tayoyi, sa'an nan a ƙulle. In an ɗaure tana sama, da an sauke sai robar ta murɗe, ta zauna a murɗe, ba da jimawa ba ta tsage, a ce kayan ne ba su da kyau. Bayan wannan lalle a kai ta a yi alaimen.

Game da lodi kuwa, ƙaramar mota irin Golf abin da aka ƙera ta ta ɗauka wajen kilo 500 ne, har da direba da fasinja. Buhun dawa 5 ya kai haka. Mai kaya da ke matsa wa direba ya ƙara na shida da na bakwai, ya sani shi ma a kan gaɓar nan zai zauna har Dawanau.