Gurbin Hannu da Gurbin Sharaɗi

A Amurka, ɗalibin da ke neman karatun likita yakan sami kansa tsakanin wasiƙu biyu. Ta farko daga makarantar ostiyofati ce, mai ba da digirin DO, ta ba shi gurbi kai tsaye. Ta biyu daga makarantar da ke ba da digirin MD ce, amma da sharaɗi: sai ya kammala kwas na shekara guda da sakamako mai kyau, ko ya ƙara maki a jarrabawar MCAT. Ga yawancin ɗalibai, ta farko ce ta cancanci amsawa.

Mai digirin DO cikakken likita ne. Yana rubuta magani, yana yin tiyata a duk jihohi 50 na ƙasar. Tun da Andrew Taylor Still ya buɗe makarantar farko a Kirksville a 1892, karatun ya matso kusa da na MD, har a 2020 aka kammala haɗe tsarin horon ƙwarewa a asibitoci. Gurbin sharaɗi kuwa alkawari ne kawai. Idan maki ya gaza, shekara ta tafi, kuɗin makaranta sun tafi.

Akwai togaciya. Mai burin fanni mai wuyar samu, kamar tiyatar ƙwaƙwalwa, ko mai niyyar aiki a ƙasar da ba ta amince da DO ba, yana da hujjar jira. Wanda ba ya cikin waɗannan, kada ya saki reshe ya kama ganye.